Ranar da Mutari Ya Rina Motar Alhaji

Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a Magarya zamanin Faransi, lokacin da motocin garin duka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma in mota ta wuce sai a yi ta zancenta har kasuwa ta zagayo.

A lokacin akwai wani mutum wai shi Mutari, direban Alhaji Inuwa mai sayen gyaɗa. Kada dai ka ce masa direba a gaban idonsa. Shi shofer ne, don a Damagaram ya koyo sana'a, a garejin wani Nasara. Waɗanda suka san shi can sun ce iyakar aikinsa ɗebo ruwa da wanke taya, amma in ka zauna da shi a tasha, kafin ka cinye goro ɗaya ya tabbatar maka shi ya koya wa Nasaran ɗaura inji. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Baki ne ya yi masa yawa, kuma abin haushin, duk ƙaryar da ya shara shi ke fara yarda da ita.

Alhaji yana da tsofaffin motoci biyu masu buɗaɗɗen baya. Ɗaya tana hannun Mutari, ɗayar kuwa tana Dungas hannun wani Bafillace, Labbo, dogo mai son barci da tsokana. Shi Mutari kakansa Babarbare ne, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, ba sa haɗuwa a rabu ba a yi ba'a ba.

To, daminar wata shekara sai labari ya bazu cewa Alhaji ya sayi sabuwar kamyo, wato babbar mota mai kwasar buhunan gyaɗa har Kano. Tun daga ranar Mutari bai sake jin daɗin tuwo ba. Shi dai ya hango kansa can sama bisa kujera, gwiwar hannu a taga, yana ratsa kasuwar Magarya, sai mutane sun ɗaga kai kafin su gaishe shi. Ya gaji da akwalar da sai an tura take tashi. Kamyon nan ita ce abin da yake so a duniya, kuma ya san in ta faɗa hannun Labbo zaman tasha ya ƙare masa, don ya riga ya gaya wa kowa tasa ce.

Alhaji mutum ne mai gudun ɓacin ran mutane, ya rasa wanda zai hana. Sai ga mafita ta zo daga bariki. Kowace shekara ran sha huɗu ga Yuli Faransawa na yin bikinsu, wanda mutane ke kira Katos, a yi kokawa, a yi tseren jakuna, samari su yi ta faɗowa daga sanda mai santsi. A shekarar nan kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, wanda shi ma mayen mota ne, ya ce a ƙara da tseren motoci a filin saukar jirgi. Tasa ba ya haɗa ta da na talakawa, ta likita kuwa ta lalace, saboda haka motocin Alhaji biyu su ne tseren gaba ɗaya. Alhaji ya ji daɗi. Ya tara direbobin biyu a ƙofar gida gaban mutane, ya ce wanda ya riga kaiwa ƙarshen fili shi zai riƙe makullin kamyo. Kashegari ya tafi Damagaram don ya taho da ita.

Mutari ya tambayi Labbo shirin da zai yi. Labbo ya yi hamma, ya ce zai zuba mata mai, sa'an nan ya kwanta ya huta.

Mutari ya ce, "Bafillace, wannan fa ba saniya ba ce da za ka ba ta dusa ka shafa mata wuya. Mota ilimi ce."

Labbo ya ce, "To, Babarbare, ka dai bar wa Alhaji ko da ƙaho ne, ya gane abarsa in ya dawo."

Da yamma Mutari ya hau benci a tasha ya yi wa jama'a karatu. Ya ce babu abin da ke hana mota gudu kamar nauyi, kuma duk abin da ba inji ba ne, ba taya ba ne, kaya ne kawai. Wani mai facin keke ya ce ai direban ma kaya ne. Mutari ya ce shi ya sa daga yau zai rage cin tuwo.

Da gari ya waye ya kama aiki. Ya cire ƙofofi, ya cire gilashin gaba, ya ɓalle katakon baya, ya sauke tayar ajiya, ya kwashe duka ya jibge a tsakar gidansa, daidai inda matarsa A'i ke shanya gero. A'i ta fito ta tsaya, ta dubi tarin ƙarafa, ta dube shi.

Ta ce, "Malam, motar ce ta mutu ake rabon gado?"

Ya ce gyara yake yi.

Ta ce, "To in ka gama gyaran, a kan me za ka zauna?"

Ya ce ta shiga ɗaki, wannan ba zancen mata ba ne. Ta shiga, amma da ƙofar mota ɗaya a hannu, don ta daɗe tana neman abin rufe akurkin kaji.

Daga nan ya koma kan bututun hayaƙi. A ganinsa inji kamar mutum ne, ba ya gudu in an toshe masa hanci, sai ya sa maƙeri ya datse bututun tun daga tushe. Rashin sa'a, ranar da ya fita gwaji ranar kasuwa ce. Da ya taka mai, motar ta yi wata irin ƙara da ba a taɓa ji ba a ƙasar nan. Jakunan mutanen Kwaya suka watsar da gero suka kama hanyar gida ba masu su, wata mai fura ta kifar da ƙwarya ta shige ƙarƙashin teburin mahauta, liman ya aiko a tambaya ko yaƙin Jamus ne ya dawo. Mutari kuwa ya sauko yana murmushi, ya ce duk wannan rabin ƙarfinta ne.

A gwajin nan ne ya ji wani abu na gogar taya. Ya kwanta ƙarƙashin mota, ya fito da fuska baƙi ƙirin, ya sanar cewa ya kama ɓarawon gudu, birki ne. Ya kwance ƙarafan birkin duka ya kai gida. Maƙwabcinsa Ayuba marini, mutum mai haƙuri wanda hannuwansa suka yi shuɗi har gwiwa, ya tambaye shi yadda zai tsaya. Mutari ya ɗauke shi har filin jirgi. A ƙarshen filin akwai rairayi mai laushi, irin wanda ko raƙumi ba ya son takawa. Ya kwaso gudu ya faɗa ciki, mota ta nutse har cibiya ta tsaya cak. Ayuba ya bugi goshi da ƙarfe, amma dai an tsaya.

Mutari ya ce, "Ka gani? Allah ya riga ya yi wa Magarya birki. Na ƙarfen nan don mutanen birni aka yi shi."

Sai da aka ɗauko majiya ƙarfi daga gonakin kusa kafin aka ciro ta.

Saura fenti, kuma a nan ne ilimin Mutari ya kai maƙura. Ya ce iska ba ta riƙe abu mai sheƙi, zamewa take yi, shi ya sa motar kumandan ke gudu. Tasa kuwa rana ta cinye launinta tun zamanin tsohon kumandan. Fenti sai Damagaram, Damagaram kuma Alhaji na can. Yana cikin wannan tunani ya bi ta marina, ya ga rawani baƙi an shanya yana walƙiya har yana kashe ido. Nan take ya tsaya.

Ayuba ya yi masa bayani da kyau cewa shuni ba ya kama ƙarfe. Mutari ya ce don ba a taɓa samun mai hankalin da zai haɗa shi da ƙaro ba ne. Aka jiƙa ƙaro, aka dama koko mai kauri, aka kwaɓa da shuni a babbar tukunya, aka tura mota bakin marina aka yi ta yaɓa mata da tsintsiya. Mutanen unguwa suka baro aikinsu suka zo kallo, har da masu kawo tabarma. Da ta bushe sai ta fito dusu-dusu kamar gindin tukunya, ba sheƙi ko kaɗan.

Ayuba, da bakinsa bai iya ɓoye gaskiya, ya ce ai ko rawani ba a karofi yake samun walƙiya ba, sai an kai shi wurin masu bugu.

Da ma ya yi shiru.

Masu bugu suka zo da gudumominsu na itace. Babbansu ya tambaya ko ya ji daidai, aka ce ya ji. Ya sake tambaya, Mutari ya ce in ba su iya ba ya aika Waca a kirawo waɗanda suka iya. Wannan magana ta ɓata musu rai. Suka jeru gefe da gefe suka kama bugu, tim, tam, tim, tam, da waƙarsu da komai, kamar sun sami rigar sarki. Kafin Mutari ya gane abin da ke faruwa, jikin mota ya loɓa ko'ina, tun daga hanci har gindi. Gabansa ya faɗi, amma ga jama'a na kallo. Ya zagaya ta yana gyaɗa kai, ya ce haka motocin tsere suke a Faransa, ramukan nan wurin da iska ke dafawa ne ta tura mota gaba.

A'i, wadda ta leƙo ta saman dangar gidan Ayuba, ta ce, "Ba jiya ka ce iskar zamewa take so ba?"

Ya ce, "Iskar jiya daban."

Sheƙi dai bai samu ba, sai ya aika gidan Gwaggo Falmata mai ƙuli-ƙuli aka karɓo man gyaɗa. Ya shafe motar da tsumma lungu-lungu, har kujera. Gaskiyar magana, a wannan karon ta yi kyau. Ta yi shuɗi mai duhu tana ɗaukar ido, har Mutari ya ji ƙwalla ta taru masa don daɗi. Ya bar ta a rana jikin dangar Gwaggo don man ya shiga, ya tafi wurin wanzami, saboda motar da ke sheƙi ba ta dace da direba mai ƙasumba ba.

An aske masa rabin kai ke nan sai ga Gwaggo Falmata tana janye da bunsuru, awaki na biye. Duka bakinsu shuɗi, harshensu shuɗi, gemun bunsurun kuwa kamar an tsoma shi a karofi. Ta ce tun tana yarinya a Barno take kiwo, ba ta taɓa ganin wanda ya rina wa mutum dabbobi ba tare da ya tambaya ba.

Mutari ya ce, "Gwaggo, ni ne zan kai ƙara. Fentin tsere suka lashe."

Ta ce, "Man gyaɗata ne suka lashe, ɗan nan. Sun san ƙanshin gidansu. Wa ya ce ka yi wa mota miya?"

Ya ruga da rabin aski. Iyakar inda harshen akuya ke kaiwa an lashe tas, har ƙarfe ya fito fari, sama kuwa shuɗi, sai motar ta zama kamar ta tuɓe wando. Aka sake dama koko, aka sake yaɓawa, aka sake shafa mai. Wannan karon ya tura ta cikin rumfa ya lulluɓe da zana, ya ɗaure.

Ranar Katos, tun da asuba aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Manoma suka yi ta hamdala, Mutari ma ya yi, don ruwan bai taɓa motarsa ba. Da hantsi sama ta ɗan buɗe, gari duka ya tafi filin jirgi. Ga rumfar kumandan da tuta, ga 'yan lakwal, wato yaran makarantar boko, an jera su suna waƙar Faransanci, ga makaɗa. Alhaji ya iso da safiyar nan kai tsaye daga Damagaram, direban kamfani ya kawo shi cikin sabuwar kamyo, koriya shar, fitilunta kamar idon bijimi. Don kowa ya gan ta, Alhaji ya sa aka ajiye ta can ƙarshen fili, bayan layin da aka ja da toka, tana fuskantar masu tsere. 

Aka turo tasa aka kwance zana. Jama'a suka fashe da sowa. Alhaji, cikin farar babbar riga sabuwa fil da farin rawani, ya matso ya daɗe yana kallo. Ya tambaya a hankali ina motarsa. Aka ce ita ce wannan. Mutari ya san in ya bari aka fara tambayar ƙofofi an gama da shi, sai ya ɗaga murya ya ce Alhaji da kansa zai zauna kusa da shi ya ga aiki.

Wani maroƙi ya cafe. Ya shiga kirari, Inuwa namijin duniya, wanda ba ya aiken bawa inda bai taka ba, mai shiga motar da ko Nasara ke tsoro. Makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, kumandan ya miƙe yana tafi. Alhaji ya duba hagu ya duba dama, bai ga hanyar fita ba. Ya tattare riga ya hau, ya nemi ƙofar da zai riƙe bai samu ba.

Soja ya harba bindiga. Motar Mutari ta amsa da ƙarar da ta fi ta bindigar, 'yan lakwal suka watse. Labbo ya fara yin gaba, amma abin mamaki, shirmen nan ya yi aiki. Mota ba nauyi, ba abin da ke riƙe taya, sai ta miƙe kamar an jefa ta. Kafin tsakiyar fili Mutari ya kamo Labbo, ya ɗaga masa hannu, ya wuce.

A daidai nan cinnakun da man gyaɗa ya tara cikin kujera suka gane an zauna musu a gida. Alhaji ya fara mutsu-mutsu yana salati. Mutari na cizon leɓe yana tuƙi da tsalle. Sai kuma yayyafi ya dawo. Koko ya jiƙe, ƙaro ya saki, shunin da ke hancin mota ya taso da iska, ba gilashin da zai tare, ya yi ta watsuwa a fuskokinsu. Alhaji ya sa hannun riga ya share ido, hannun rigar ya koma shuɗi, ya sa rawani, rawanin ma haka.

Duk da haka Mutari ya ga layin toka ya wuce ƙarƙashin taya, ya ji sowar jama'a a bayansa. Ya ci. A rayuwarsa bai taɓa faɗin abu ya tabbata ba sai yau, daɗi ya cika masa ciki har ya manta da cinnaku. Ya ɗauke ƙafa daga mai, ya jira rairayi ya yi aikinsa.

Rairayi kuwa ya sha ruwan asuba ya daddaɓe, ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Duk manomin da ke filin ya san haka rairayi ke yi bayan ruwa, Mutari ma ya sani, bai dai taɓa haɗa wannan da mota ba. Taya ta hau ta wuce sumul.

Alhaji ya ce, "Ya isa, Mutari, taka birki."

Mutari ya ce, "Ranka ya daɗe, yana gida."

"Wa ke gida?"

"Birkin."

Ya so ya kauce, amma shuni ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma ba abin da yake gani sai koriyar kamyo tana ƙara girma. Aka ji ƙara, aka ga tururi. Fitilun kamyo suka tarwatse, hancinta ya shige ciki, ruwan injinta ya tsiyaye ƙasa yana huci. Allah ya kiyaye, ba wanda ya karye. Alhaji dai an same shi kwance bisa hancin sabuwar motarsa ya rungume ta, rawani ya warware, shuɗi tun daga goshi har ƙafa. Labbo ya iso a hankali, ya tsaya, ya sauko, ya ce sannunku da zuwa.

Jama'a suka kewaye su. Ba mai son yin dariya gaban Alhaji, sai kafaɗu ke rawa. Kumandan ya juya baya ya toshe baki da hula. Mutari ya sauko yana ɗingishi, ya dubi kamyon, ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi kuka. Amma bakin nan nasa bai san ranar hutu ba.

Ya ce, "Alhaji, jama'a shaida ne, ni na riga."

Alhaji ya tofar da shuɗin yawu. Ya laluba aljihu ya ciro makullin kamyo ya miƙa masa. Ya ce shi bai taɓa yin magana gaban mutane ya janye ba. Kamyo dai dole a ja ta zuwa ƙofar gida kafin a nemo mai gyara daga Damagaram, kuma dole wani ya riƙe mata sitiyari. Mutari ya riƙe. In an isa, ya ajiye makullin a hannun Labbo, ya je ya nemi gona.

Haka aka yi. Aka ɗaura igiya a bayan tsohuwar motar Labbo, aka ja sabuwar kamyo ta tsakiyar kasuwar Magarya, tafiyar da ko mai tallar nono na wuce ta. Mutari na can sama bisa kujera, ba ƙarar inji, sai kukan igiya. Mutane kuwa suna ɗaga kai su dube shi, gari duka. Ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya ga ta bar shuɗin tabo a kan sabon fenti, ya janye ta a hankali ya sa bakin riga yana gogewa.

Da suka doshi ƙofar gidan Alhaji, Labbo ya leƙo da kai ya waiwayo.

Ya ce, "Babarbare, zan tsaya. Ka taka birki. Shi ne na tsakiya."